Motocin ƙwanji na Amurka: wadda na sayar da wadda na saya

Wani matashi da ke aiki a Columbus ta jihar Ohio ya rubuto yana cewa: "Kawu, a wurin aikinmu akwai dattawan Amurkawa da ba su da hira sai ta motocin da suka riƙe suna samari, su GTO da Charger da Chevelle. Ƙarshen labarin kowa ɗaya ne, da ma bai sayar ba. Yanzu mahaifin wani abokin aikina zai sayar da Chevelle ta 1970, ya ce SS ce, wato samfurinta mai babban inji, ran Asabar zan je in gani. Kai da ka riƙe irinsu kuma ka gyara su, ina daɗin yake, ina nadamar take? Har ina tunanin wata rana in kai ta Kano."

Ɗana, biyu na taɓa mallaka. Ɗaya na sayar, har yau takan faɗo mini a rai. Ɗaya na saya, na yi shekara bakwai ina cizon yatsa. Dattawan wurin aikinku labarin irin ta farko kawai za su ba ka, domin nadamar sayarwa tana da daɗin faɗi a gaban mutane, har da dariya da girgiza kai. Nadamar saye kuwa a gareji ake lulluɓe ta da tamfol, maigida ba ya son baƙo ya ɗaga. Tunda kai saye za ka yi, dole ka ji duka biyun.

Sunan da Amurkawa suka raɗa musu ma'anarsa mota mai ƙwanji, kuma dabarar ba ta da zurfi: a ɗauki mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata injin babbar mota mai silinda takwas, a sayar da ita kan kuɗin da saurayi mai aikin masana'anta zai iya biya. Yawanci daga Pontiac GTO ta 1964 ake fara lissafi. A lokacin kamfanin General Motors ya hana a sa wa matsakaitan motocinsa injin da girman cikinsa ya wuce inci 330, wato kamar lita 5.4. Sai John DeLorean da mutanensa a Pontiac, wani reshen kamfanin, suka zagaye dokar, suka ce ai ba sabuwar mota suka ƙera ba, ƙarin kaya ne mai saye yake zaɓa a kan Tempest LeMans, ya ƙara kusan dala 296 a ba shi inji mai inci 389, lita 6.4. An yi zaton za a sayar da dubu biyar, aka sayar da sama da dubu 32 a shekarar farko. Daga nan kowane kamfani ya shigo fili. Zuwa 1970 Chevrolet tana sayar da Chevelle mai injin 454, lita 7.4, wanda aka rubuta masa ƙarfin doki 450, Chrysler kuma tana da injin Hemi 426 mai doki 425. Ni da na koyi kanikanci a Kaduna a kan Peugeot 504 mai injin lita biyu, ranar da na fara ɗaga bonet ɗin irin waɗannan sai da na ja da baya na sake kallo.

Tawa ta farko Plymouth Road Runner ce ta 1969, koriya, na saye ta a farkon shekarun 1990 a hannun wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar mota a Detroit. Wannan mota tun asali ta talaka ce. Plymouth, reshen Chrysler, sun ga motocin ƙwanji sun fara tsada da kayan ƙawa, sai suka fito da ita a 1968 a ƙasa da dala 3,000: kujerar gaba doguwa kamar benci, giya huɗu ta hannu, inji mai inci 383 da doki 335, shi ke nan. Abin da suka kashe wa kuɗi shi ne suna, domin dala 50,000 suka biya Warner Bros. don su ari sunan tsuntsun nan mai gudu na zanen yara, har suka yi mata oda mai irin kukansa, bib-bib. Ka ga ƙatuwar mota tana gurnani kamar za ta tsaga kwalta, ka danna oda ka ji muryar ɗan tsako. Yaran unguwarmu har tare ni suke yi a bakin layi sai na danna musu.

Daɗin da kake tambaya, mafi yawansa kafin ma mota ta motsa ake jin sa. Da safe ka taka totur sau biyu don kafireta ta jiƙa, ka murɗa makulli, kik ɗin ya yi wannan siririn kuka da duk wanda ya san motocin Chrysler yake ganewa ko daga bayan katanga, sannan injin ya kama. Duk motar sai ta ɗan karkata gefe guda ta dawo. Sandar giya tana rawa a hannunka, madubi yana rawa, ƙarar tana shigowa ta ƙasan kujera ta hau maka baya. Ga warin fetur da bai gama ƙonewa ba, ga warin tsohuwar ledar kujera da rana ta gasa. Idan ka hau titin Woodward na Detroit da daddare a lokacin zafi, gilasai a sauke, ka tsaya a danja, sai wani ya tsaya gefenka ya leƙo ya tambaye ka 383 ce ko 440. A ƙasar da baƙo yakan yi wata bai yi hira da maƙwabcinsa ba, motar nan ta buɗe mini bakin mutanen da da ko kallona ba za su yi ba. Rabin kwastomomin da na fara samu a garejina ta dalilinta ne.

Sai kuma daɗin da bakanike ne kawai zai gane: komai nata a fili yake. Fulogi takwas, kwayil ɗaya, kontak, kafireta ɗaya mai maƙogwaro huɗu, babu kwamfuta, babu na'urar da za ka jona ta faɗa maka ciwo. Da kunne da hanci da launin bakin fulogi ake gane damuwarta. Tana da nata halaye dai. Ranar da na fara kwance tayar gefen direba na karya bol biyu ina zagin tsatsa, ashe motocin Chrysler har zuwa 1970 notin tayoyin hagu a juye ake ɗaure shi, ga harafin L a kan bol ɗin ban lura ba. Akwai kuma wani ɗan farin tangaran mai tsawon yatsa a jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, aikinsa rage wutar da ke zuwa kwayil. In ya ƙone, mota za ta tashi muddin kana murɗe da makulli, kana saki ta mutu. Duk mai irin motar nan da ya san kansa yana da safayarsa a aljihun gaban mota. Nawa na ƙarshe har yanzu yana cikin akwatin sifanuna, motar ta tafi ta bar shi.

Abin da dattawanku ba za su tuna ba, ko ba za su so tunawa ba, shi ne motocin nan sun iya tafiya, ba su iya tsayawa ba. Tawa birkin ganga ne a tayoyi huɗu. Ka taka shi da ƙarfi sau biyu ko uku a jere, a na huɗu sai ka ji ƙafarka tana neman ƙasa. Nauyin inji duk yana gaba, baya babu kaya. Wani dare bayan an yi yayyafi na shawo kwana a giya ta biyu, na ɗan ba ta wuta, kafin in ce me ke nan bayan motar ya zo yana gaisawa da gabanta. Na tsinci kaina ina fuskantar inda na fito, fitilun mutane a idona, ina ta salati. Allah ya kiyaye babu wanda ke kusa. Babu jakar iska, sitiyari da gaban mota duk ƙarfe ne da roba mai tauri. Kamfanonin inshora sun riga kowa gane haka, shi ya sa tun wajen 1970 suka fara ɗora wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi mai nauyi, har wani ya ga inshorar tana neman kamo kuɗin da yake biya na motar duk wata.

Inshora ce ta fara kama musu ƙafa, sauran abubuwa suka biyo. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa wa kamfanoni su rage hayaƙi. A 1971 General Motors ta rage matsin silinda a injinanta don su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, a shekarar ne kuma aka sayar da Hemi na ƙarshe a motar titi. A 1972 aka canza yadda ake auna ƙarfin doki, aka koma aunawa da salansa da duk kayan inji a jiki, lambobin suka faɗi a takarda fiye da yadda suka faɗi a titi. Sannan a Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, aka yi ta layi a gidajen mai, a Janairun 1974 aka ƙayyade gudu a mil 55, kamar kilomita 89 a awa. A shekarar Chrysler ta daina ƙera motocinta na ƙwanji Barracuda da Challenger. Wani abin mamaki da nakan gaya wa abokaina Amurkawa, tashin farashin da ya kashe musu motoci shi ne ya cika baitulmalin Najeriya, har aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975. Su suna jefar da silinda takwas, iyayenmu suna sayen motarsu ta farko.

To ka ga lokacin da yawancin dattawan nan suka sayar da nasu. Mota ce mai shan lita ɗaya a kilomita huɗu ko biyar, ta fara tsatsa, an yi aure, an haihu, mai ya yi tsada. Babu wanda ya kira su wawaye a lokacin, hasali ma wanda ya saya aka yi wa dariya. Yau suna ganin gwanjo a talabijin, suna jin wata Barracuda mai injin Hemi da ake kira Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971 ta kai dala miliyan 3.5 a Seattle a 2014, sai kowa ya ɗauka tasa ce ta tafi. Irin waccan goma sha kaɗan aka ƙera a duniya. Ta yawancinsu mai ƙaramin inji ce da giya mai canza kanta, kuma da sun riƙe ta da sai sun biya mata gareji da inshora da fenti na shekara hamsin. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Idan ka saurare su da kyau za ka ji motar ba ta fi minti biyu a labarin ba, sauran duk yarinyar da ke zaune a gefe ce, da abokin da ya tafi Biyetnam bai dawo ba, da gashin kansu da ke nan a lokacin.

Ni na sayar da tawa ne shekarar da muka sami ɗa na biyu. Kuɗin ya zama kafin alƙalamin gida, ragowar na cika na biya wa mahaifiyata kujerar Makka. Da za a mayar da ni ranar, haka zan sake yi. Amma duk watan Agusta, Asabar ta uku, idan aka yi taron tsofaffin motoci a titin Woodward, wanda ake yi tun 1995 daga garin Ferndale har garin Pontiac, nakan kama kaina ina leƙen kowace koriyar Road Runner, ina neman wata 'yar lotsewa a ƙasan ƙofar direba da na yi mata da jak. Ban taɓa ganin ta ba.

Wannan kewar ce ta jefa ni rami. Shekaru bayan nan na ga tallar Chevelle ta 1970, ja da baƙaƙen layuka biyu a bonet, an rubuta SS 396. Irin wadda za ka je gani ke nan, shi ya sa tambayarka ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Na je da yamma rana ta kusa faɗuwa, an wanke ta an shafe ta tana ƙyalli, mai ita ya tayar da ita tun kafin in iso. Ni da nake cin abinci da sifana ban ko durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba. Na ji ƙara, na tuna Woodward, na ƙirga kuɗi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Sati biyu bayan nan na ɗaga ta a gareji. Na sa mayen ƙarfe a ƙasan bodi bayan tayar baya, ya zame ya faɗi ƙasa. Na goga wurin, sai farar ƙura: fila ce, wadda masu gyaran bodi ke cike lotsewa da ita, mai kaurin yatsa, a bayanta ragar waya da tsohuwar jarida. Na ɗaga shimfiɗar but na ga ƙasan garejina ta cikin rami. Ƙasan gilashin baya, inda ruwa yake kwanciya, ya rube kamar tsohon langa-langa. Shasin ta baya, inda bodi yake zaune a kai, sukurdireba ta shige shi ba da wani ƙarfi ba. Wannan aikin gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara ne, kuma Ohio da kake ciki da Michigan duk kanwar ja ce a nan. Sannan na goge lambar da ke jikin inji na ga ba ta da alaƙa da lambar shasin motar. Malibu ce, wato Chevelle ta gama-gari, aka liƙa wa tambarin SS, aka ɗora mata injin da aka ciro daga wani wuri.

Inji ban ji tsoronsa ba, domin injin Chevrolet kayansa kamar ƙasa suke a Amurka, cikin 'yan makonni na sake shi. Bodi ce ta cinye ni. Ni ba mai walda ba ne, ba mai fenti ba ne, kuma aikin bodi a ƙasar nan da awa ake biya. Ka yanke nan don ka ɗora sabon ƙarfe, ka tarar abin da za ka ɗora a kai shi ma ya tafi. Mai gyaran bodi na farko ya riƙe ta wata goma sha ɗaya, ya ci rabin kuɗi, na ɗauko ta a kan tirela a wargaje, notuna da bol a cikin gwangwanayen kofi. Uwargida ta raɗa mata suna Amarya, domin a cewarta ita ce mai ɗaki a gidan, motar da muke hawa kullum tana kwana a waje cikin ƙanƙara. Bayan shekara bakwai na sayar da ita ba a gama ba, a kan kusan rabin abin da na zuba, na kuma gaya wa mai saye gaskiyar cewa ba SS ba ce. Wannan labari ban taɓa ba da shi a wurin taron motoci ba.

Saboda haka ga abin da ya kamata ka sani game da Chevelle ta 1970 musamman. Daga 1966 zuwa 1968 lambar shasin motar kanta tana nuna SS ce, tana farawa da 138. A 1970 kuwa SS ƙarin kaya ne a kan Malibu, lambar ta gaske da ta jabu duk da 136 suke farawa, don haka lambar ba za ta cece ka ba. Masu GTO sun fi ku sa'a, domin takardun Pontiac suna nan ana iya neman kwafinsu, na Chevrolet da aka ƙera a Amurka a wancan zamani kuwa babu su. Tambari da bonet mai tudu da gaban mota mai zagayayyun agogo, duk ana sayar da sababbi, yaro ma zai ɗaura. Shi ya sa masu harkar suke cewa Chevelle mai doki 450 da ke yawo yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa, alhali ba su kai 4,500 ba. Shaidar da ake yarda da ita ita ce takardar da ma'aikatan masana'anta suka bi suka haɗa motar, wadda akan tsinta a saman tankin mai, ko cikin wayoyin kujerar baya, ko bayan murfin ƙofa, sai ɗan farantin garanti mai lambobi da aka ba mai saye na farko. Sai kuma lambar inji: a gaban kan silinda na gefen fasinja akwai wani ɗan fili da aka buga ƙarshen lambar shasin motar, dole su dace. SS ta gaske tana da birkin faifai a gaba, da akwatin tayoyin baya mai bol goma sha biyu a murfinsa, da sandar hana tangaɗi a baya. Samun waɗannan bai tabbatar da ita ba, amma rashinsu ya ƙaryata ta. Kada kuma ka ruɗe in an ce maka injin 402 ne, a 1970 haka yake, sun ɗan faɗaɗa shi suka bar masa tsohon suna 396.

Kada ka ɗauka ina hana ka Malibu mai kayan SS. In ƙarfenta lafiya yake kuma an sayar maka da ita a farashin Malibu, ita ce ma motar da za ka hau ba tare da zuciyarka tana dukan uku-uku a wurin ajiye motoci ba. A wajena mota mai lafiyayyen ƙarfe daga Arizona ko Kalifoniya da mataccen inji ta fi mai gurnani da ta sha gishirin Ohio.

In ka saya, ka san zaman da za ku yi. An hana fetur mai dalma a titunan Amurka tun farkon 1996, na yanzu kuma yawanci kashi goma cikin ɗari sinadarin da ake tatsa daga masara ne, yana cin tsofaffin robobin mai, yana jawo ruwa a tanki in mota ta daɗe a ajiye. Baƙin mai na zamani an rage masa sinadarin da tsofaffin injinan nan suke buƙata don kada ƙarfen da ke buɗe bawul ya side, sai ka nemi wanda aka yi dominsu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu a rufe za ta zauna. Batun gudu kuma ka cire shi a ranka: Camry mai silinda shida ta 'yan shekarun nan, mai doki 301, za ta jera da tsohuwar Road Runner ɗita ko ta wuce ta, da sanyin na'ura a ciki, tana shan abin da bai kai rabin manta ba.

Kano kuwa, ka yi haƙuri. Rashin gishiri da bushewar iska za su yi wa bodinta daɗi, iyakar ribar ke nan. Akwai dokar kwastam kan shekarun motar da ake shigowa da ita, sai ka bincika kafin ka biya kuɗin jirgin ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, motar da ke shanye lita ashirin da wani abu a kilomita ɗari ta zama ta ranar hawan sallah kawai. Zafin Afrilu a cunkoson Ƙofar Nasarawa zai dafa lagiretonta, kuma robar famfon mai kaɗai in ta tsage sai ka jira wani ya taho maka da ita a jaka daga Amurka.

Ran Asabar ka je da hantsi, rana tana sama. Ka roƙi dattijon kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar a sanyaye yake, domin hayaƙi da ƙwanƙwasa a tashin farko suke fitowa. Ka tafi da tocila, da mayen ƙarfe naɗe a ƙyalle don kada ka karce masa fenti, da sukurdireba, da kwalin da za ka kwanta a kai. Kuɗi ka bar su a gida. Ka gaishe shi da kyau, ka bar shi ya ba ka labarinta har ya gaji, a cikin labarin za ka ji inda ta yi shekarunta da wanda ya taɓa buge ta. Sannan ka ɗauko mini hoton ƙasan but, da ƙasan gilashin baya, da shasi kusa da tayoyin baya, da lambar nan ta jikin inji. Ka turo, in duba maka kafin ku yi maganar farashi.